Masar ɗin Baba Hayatu

Kai mai karatu, ka taɓa sauko da firigo, wato firiji, daga hawa na shida a tsohon gidan Paris wanda ba asansar, wato lif, matakalar katako ce mai murɗewa kamar dodon koɗi? In ba ka taɓa ba to tsaya ka ji, don in ba ka san wannan aikin ba ba za ka gane Baba Hayatu ba. Mutum biyu ke yin shi. Ɗaya a ƙasa da sangal a kafaɗa, wato faffaɗar igiyar nan da ake zargawa ƙarƙashin kaya, duk nauyin a kanshi yake, da baya-baya yake sauka kuma shi ke kiran taki, ɗaya, ɗaya, tsaya, juya. Ɗayan a bisa, shi aikinshi riƙo kawai, ya dinga jan kayan baya kar su rufta kan ɗan'uwanshi. Na ƙasa ba abin da yake gani sai bayan firigo. Ranshi a hannun na bisa yake, voilà.

Baba Hayatu mutumin wajen Malumfashi ne a Najeriya, Bahaushe Kirista ɗan Kirista, kakanshi ne ma ya fara shiga coci a ƙauyensu. Ya sauka Paris a 2000 wai zai karanta Faransanci ya koma gida ya zama malamin jami'a, ga Ingilishi a bakinshi tsaf, jaka ɗaya, takalmi mai ƙyalli. Karatun ko shekara biyu bai yi ba ya watse. Sanyi, kaɗaici, ɗaki kamar akwati wanda in ka miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa, sai ya fara da kofi ɗaya na jar giya wai don jiki ya yi ɗumi, kofi ya zama kwalba, ka dai san yadda abin yake tafiya.

A Château Rouge, unguwar 'yan Afirka a Paris, ya haɗu da Saley, wajen mahauta, ranar Asabar ana cunkoso. Wata mata ta bi ta kan ƙafarshi da keken cefane ya ce wayyo ƙafata, sai wani ƙato daga gaban layi ya juyo yana tambaya wa ya ce wayyo a nan. Saley kenan, mutumin Damagaram, ya girme shi da shekara goma, baƙin sallah a goshi, shi ma karatun awon ƙasa ya kawo shi ya ƙare a demenajma, aikin kwashe wa mutane kaya in za su tashi daga gida. Ranar bai tambaye shi addini ba, tuwo ya tambaye shi yaushe rabon da ya ci. Ya kai shi gida matarshi ta tuƙa tuwon garin semul da miyar kuka, ɗiyarshi Hassia lokacin 'yar shekara takwas tana ta dariyar yadda baƙon yake cewa lif maimakon asansar. Daga ranar sunan Hayatu ya koma Anglais a gidan, wato mai Ingilishi. Sati bai zagayo ba Saley ya kai shi wajen patron ɗinshi, wato ubangidan aikin, ya ce shi zai riƙe ƙasa, sabon yaron ya riƙe bisa.

Shekara biyu suna tare, piyano, kabad, injin wanki, har akwatin ƙarfe na wani tsohon likita. Saley ya san yana sha, bai taɓa yi mishi wa'azi ba, doka ɗaya ya kafa mishi, in an tashi aiki cikinka naka ne amma kafin a tashi hannunka nawa ne. Kullum da safe kafin su hau kamiyo, motar kayan, sai ya ce Anglais hura min, ya shinshina bakin, sannan a tafi.

Abin da bai lissafa da shi ba hutun rana. Wata Talata cikin Yulin 2004, wani gida can bayan kasuwar Château Rouge, Saley ya shiga bayan kamiyo ya shimfiɗa kwali zai yi azahar, Hayatu ya zame zuwa mashayar da ke kwanar layin, kofi ɗaya ya je sha ya sha uku. Suka koma hawa na shida suka ɗauko firigo irin mai ƙofa biyu ɗin nan. A murɗin da ke tsakanin hawa na biyar da na huɗu hannun Hayatu ya saki. Ba wai ya zame ba, saki ya yi, shi da bakinshi yake faɗa. Firigon ya danne Saley da bango, haƙarƙari uku da ƙashin kafaɗa. Saley yana kwance yana numfashi da ƙyar ya ce wa patron takalminshi ne ya zame, haka ya faɗa a asibiti, haka ya faɗa wa matarshi. Hayatu ya je duba shi sau ɗaya, ya tsaya bakin ƙofa ya jiyo shi yana tsokanar wata ma'aikaciya yana dariya yana tari, sai ya kasa shiga ya juya. Kafin Lahadi ya tattara ya shiga jirgin ƙasa ya nufi Lyon.

A Vénissieux, gefen Lyon, ya samu aiki a wani babban sito yana tuƙa injin ɗaga kaya, ɗaki a unguwar Minguettes, giyar kuma tana nan biye da shi don ita ba ta neman tikiti. To wata Lahadi da rana yana zaune kai na sara, ya jawo Littafi Mai Tsarki na Hausa da uwarshi ta cusa mishi cikin jaka tun tahowa, ya buɗe a labarin Yunana wanda ya gudu daga aiken Allah kifi ya haɗiye shi. Labarin da ya sani tun yana ɗan makarantar Lahadi. Amma ranar da ya ɗaga kai ya dubi ɗakin, labule a rufe, wari, kwalabe a ƙarƙashin gado, sai ya ce a'a, ai kifin nan shi ne wannan, a cikinshi nake zaune. Ba fasto ya koya mishi ba, ba littafi ya gani ba. Ya ce kamar an kunna fitila a ɗakin da ya daɗe yana laluben ƙofa.

Daga nan ya bi labaran ɗaya bayan ɗaya yana neman kanshi a ciki. Fir'auna shi ne muryar nan da ke cewa ƙara kofi ɗaya gobe ka bari. Annoban Masar su ne gargaɗin da aka yi ta aiko mishi yana taurare zuciya, karatu ya tafi, ido ya yi rawaya, hannu na rawa, har aka kai ga na ƙarshe, ranar firigo. Teku kuma ba ta darewa sai ka iso bakinta ba hanya gaba ba hanya baya. Wata bakwai yana fama, ya faɗi ya tashi, har ya bari kwata-kwata, kuma wallahi tun farkon 2005 ko ɗigo bai sake sa wa bakinshi ba, wannan kowa shaida ne. Ya auri Alice, wata nas 'yar Kafanchan da suka haɗu a coci, suka samu gida hawa na biyu.

Kaɗan-kaɗan mutane suka fara biyo shi gida ran Lahadi bayan sujada, 'yan Nijar na Maraɗi da Dogon Dutse, 'yan Najeriya ɗalibai, wani lokaci mutum goma wani lokaci ashirin har a kan kafet, Alice na ta fama da tukunya. Shi ba ya ɗaga murya, sai ya karanta labari ya rufe littafin ya ce to wa ke nan a cikinku. Zakka da ya hau itace, ya ce shi ne wannan ɓangaren naka mai son ya ga Allah amma kar Allah ya gan shi. Marta mai hidima da Maryamu mai zama, ya ce ba mata biyu ba ne, duk a ƙirjinka suke kuma kullum suna faɗa a kan wanke-wanke. Garun Yariko girman kai ne, ba a rushe shi da gardama, zagaya shi ake yi shiru-shiru har ya gaji. Akwai wata mata da ta shekara shida ba ta magana da ƙanwarta, ranar da ya yi bayanin garun nan ta fita baranda ta kira ta, muna jin kukanta ta gilashi. Wani dattijon coci ya taɓa tsare shi wai yana mai da maganar Allah tatsuniya, abubuwan nan sun faru da gaske a ƙasa mai suna da iyaka. Baba Hayatu ya yi murmushi ya ce, "Ban ce ba su faru ba, Dattijo. Cewa na yi ba su gama faruwa ba."

Kuma abin da ya fi maimaitawa, har yara sun haddace suna kwaikwayon muryarshi, shi ne Masar ba ta kan taswira, a cikin zuciya take, in ka tashi ka canja gari da ita za ka tafi.

To ga inda gizo ke saƙar. Shi Baba Hayatun da ke faɗin wannan, shekara goma sha ɗaya bai taka Paris ba. Awa biyu ce a jirgi. In Alice za ta je sayen daddawa da kuka da atamfa sai ya raka ta har gar ta Part-Dieu, tashar jirgin Lyon, ya ɗaukar mata jaka, ya tsaya bakin ƙofar jirgi kamar an ja mishi layi a ƙasa. In ta yi magana ya ce wanda ya ƙetare teku ba ya komawa, ya kawo mata matar Lutu da ta waiwaya ta daskare ta zama gishiri. Alice takan ce to ita dai tana zuwa tana dawowa kuma har yau miyarta sai ta sa gishiri. Ba wanda ya taɓa ce mishi Baba ai maganarka biyu ta yi karo, kunyarshi ake ji, franchement, gaskiya mu ma ba mu lura ba.

Saley kuwa bai bar shi ba. Wata huɗu da gudun ya samo lambarshi, ya kira ran Juma'a bayan masallaci, gaisuwar farko ita ce Anglais ɓarawo ka gudu min da sangal. Maganar firigo ko sau ɗaya ba su taɓa yi ba. Kowace Juma'a sai ya kira, Hayatu ya ba shi bayanin satin, shi kuma ya yi ta tsokana, ya ce kifin Annabi Yunusa dai kifi ne Anglais har da ƙaya, kar ka mai da shi ɗakin haya. Amma yana saurare har ƙarshe, wani lokaci ya ce wannan kam ta shige ni. Ya sha cewa ka zo ka ga Hassia ta zama budurwa tana karatun haɗa magani, Hayatu ya ce in Allah ya yarda.

A 2014 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Saley, hannun hagu da ƙafar hagu suka mutu, baki ya ɗan karkace amma magana na fita. Lokacin sun koma Stains, can bayan Paris, hawa na tara. Hayatu ya yi azumi ya yi addu'a ya sa duk 'yan Lahadi suka yi, bai je ba. Aka shiga 2015 asansar gidan ta lalace, aka liƙa takarda wai ana jiran wani ƙarfe daga wata ƙasa, sati ya zama wata. Maƙwabta biyu, wani Bamale, wato ɗan Mali, da wani Balarabe, magidanta masu ƙarfi, suka ce za su sauke shi a kujerar kicin ya je gashin ƙashi. Ba su san aikin ba, duk su biyun suka ɗaga tare ba mai kiran taki, a kwanar hawa na takwas kujera ta karkace kanshi ya bugi ƙarfe, jini har kan riga. Saley ya rantse ba mai sake ɗaga shi. Kuma ga auren Hassia an sa, Asabar ta ƙarshen Mayu, ƙarfe biyu na rana a meri ta Stains, ofishin magajin gari inda ake sa hannun aure, ita kaɗai gare shi, kuma tun tana ƙarama ya yi mata alkawari ranar da za ta sa hannu yana gefenta.

Saura sati uku ya kira, ba ma Juma'a ba ce. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Anglais, ka zo ka sauke ni. Kai za ka riƙe ƙasa, Bamalen nan ya riƙe bisa, ni zan kira taki daga kan kujera."

Hayatu ya ce Yaya Saley ai Paris cike take da 'yan demenajma, me ya sa sai shi, shi da ya san abin da hannun nan ya yi. Karo na farko kenan da maganar ta fito fili tsakaninsu.

"Don haka nake son ka. Wanda ya taɓa saki sau ɗaya ba ya ƙara saki. Waɗancan ba su taɓa jin ƙarar ƙashi ba."

Maimakon ya ce to, sai Baba Hayatu ya shiga abin da ya iya. Ya kawo labarin shanyayyen nan da mutum huɗu suka ɗauko a kan tabarma suka fasa rufin ɗaki suka zura shi gaban Yesu. Ya ce mutum huɗun nan bangaskiya ce da haƙuri da bege da ƙauna, rufin kuma taurin kai ne da sai an fasa shi, tabarmar tsohon ciwo ce da ta daɗe tana ɗauke da kai har ranar da za ka naɗe ta ka ɗauka. Ya yi kusan minti ashirin, kuma bayanin ya yi kyau, shi kanshi ya ji daɗin shi. Saley ya bari har ya dire.

"Na ji, ta yi daɗi. Amma su huɗun nan da ƙafafunsu suka zo gidan ko? Ni ɗaya nake nema."

Alice ce ta sayi tikitin ba ta yi shawara da shi ba, ta ajiye mishi cikin Littafin daidai inda yake karatu. Rana ta uku ya fita ya sayo sabon sangal mai ruwan lemo, ya dinga gwaji a matakalar gidansu da buhun shinkafa biyu ɗaure a kujera, maƙwabta na kallo. Ya kira Saley ya ce yana zuwa. Aka tsara komai, jirgin safe, ya sauka tashar Gare de Lyon a Paris ƙarfe goma, ya shiga jirgin RER D wanda zai kai shi tashar Stains kai tsaye, sha ɗaya yana gidan, su sauko a hankali suna hutawa kowane hawa, ƙarfe ɗaya Saley na cikin mota. Alice tana da aiki a asibiti ranar, shi kaɗai ya tafi.

Kuma ya sauka goma daidai, ya shiga RER ɗin, komai lafiya. Sai da jirgin ya tsaya Gare du Nord tunanin ya zo mishi. Ya ce a ranshi, Musa bai fitar da kowa ba sai da ya fara tsayawa gaban Fir'auna ido da ido. Ta yaya zan ɗauki mutum a kafaɗa alhali ban fuskanci wurin da na faɗi ba? Château Rouge ga ta nan tasha biyu a layi na huɗu na metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, minti ashirin ya isa, in tsaya ƙofar mashayar nan in dube ta in juya, sannan hannuna zai yi ƙarfi. Ƙofa na shirin rufewa ya yi tsalle ya fita.

Ya fito cikin hayaniyar Asabar, masu masara, masu kifi, masu miƙa katin boka, ƙamshin da ya sani. Ya bi layin har kwana. Ba mashaya. Shagon kitso ne, mata huɗu a zaune ana yi musu ƙarin gashi, waƙa na tashi, wata yarinya ta leƙo ta tambaye shi ko matarshi yake nema. Shekara goma sha ɗaya yana tsoron wurin nan, ashe tuni an fente shi ruwan hoda. Ya ce sai ya ji kamar an zare mishi ƙashin baya, ya zo da yaƙi bai samu abokin faɗa ba.

A nan ya kamata ya juya. Amma gidan da abin ya faru yana nan gaba kaɗan, wata tsohuwa ta danna lambobin ƙofa ta shiga ya bi bayanta. Ya hau har murɗin nan tsakanin na biyar da na huɗu, ga ma ɗan lotsawar a jikin bango an shafe ta da fenti amma hannu na jin ta. Ya zauna a kan matakala da sangal a cinya. Kuka ya zo mishi irin wanda bai yi ba tun mutuwar uwarshi, bayan kukan kuma sai bayani ya fara zubowa, ashe Fir'auna ba a mashaya yake ba, ashe kaza ashe kaza, ya ciro biro yana rubutawa a bayan tikiti don kar ya manta ya faɗa wa 'yan Lahadi. Wayarshi na cikin jaka ya kashe mata ƙara tun cikin jirgi. Shi a ganinshi minti goma sha biyar ya yi. Da wani mutum mai kare ya ce ya ba shi hanya sai ya duba agogo, ɗaya da rabi ta wuce. Kira goma sha bakwai, goma sha ɗaya na Hassia.

Ya yi gudu, mutum mai shekara arba'in da biyar yana ture mutane a metro, jirgin Stains kuma sai da ya jira shi. Uku saura kwata ya isa ƙofar gidan, ba mota ko ɗaya, sai ƙyallayen ribon a ƙasa. Ya hau hawa taran nan ba tsayawa.

Ƙofa a buɗe take. Saley na zaune a kujerar kicin daidai bakin ƙofa, an sa mishi babbar riga ta shadda fara ƙal, hula, turare, takalmi a ƙafa har da wadda ba ta motsi. Tun sha ɗaya yake wurin. Da lokaci ya ƙure Bamalen da wasu baƙi sun roƙe shi su gwada, Hassia cikin farar riga ta durƙusa tana kuka, ya ce a'a Anglais na hanya, ku tafi za mu same ku. Wata ƙanwar matarshi ce aka bari ta zauna da shi.

Ya dubi Hayatu da ke haki, ya tambaye shi ko jirgi ne ya makara. Da ya ce e da shi kenan, jirage na makara kullum, kowa zai yarda. Bai iya ba. Ya tsaya da sangal a hannu ya faɗi komai, Gare du Nord, shagon kitso, matakala, har ya fara shiga bayanin Musa da Fir'auna sai ya ji muryar kanshi ya katse.

"Ka sha?"

"Ban sha ba, Yaya Saley. Ko ɗigo."

"Da ma sha ka yi. Da na san abin da zan ce wa Hassia."

Hayatu ya ce bari ya sauka ya nemo ko wane ne ya riƙe bisa, ai akwai walima da yamma, za su kai shi zauren. Saley ya ce an riga an sa hannu, shi ba shinkafa ya yi wa alkawari ba. Ya juya wajen matar ya ce ta cire mishi hular tana matse mishi kai, ta ja kujerar ciki. Ba zagi ba tsawa. Matar ta kawo wa Hayatu ruwa a kofi ya sha a tsaye, ta ce ya yi haƙuri ya tafi kafin mutane su dawo.

Juma'ar da ta biyo waya ba ta yi ƙara ba, ta bayanta ma haka. Shi ya yi ta kira ba a ɗauka, ya rubuta wa Hassia saƙo ya fi goma, ɗaya ta amsa, ta ce Tonton, wato Kawu, ka bar mu haka nan. Kafin ƙarshen shekara aka canja musu gida, lambar ma ta daina shiga. Mutumin da ya shekara goma sha ɗaya bai je Paris ba, cikin shekara biyun nan ya je sau tara, ya hau hawa taran ya tarar da wasu 'yan Sri Lanka a gidan, ya bi mahauta da masu atamfa na Château Rouge ɗaya-ɗaya. Duk sun san Saley, duk sun san inda yake, kowa sai ya ce za mu gaya mishi ka zo. Wani ya ce yana Sarcelles, wani ya ce an mai da shi Damagaram, wani ya kau da kai kawai.

Har yanzu ana taruwa ran Lahadi a Minguettes, Alice na tuƙa tuwo. Yana karantawa, yana tambaya wa ke nan a cikinku, kuma har yanzu mutane na samun abin da suke samu, bai ce hanyar ƙarya ba ce, ya ce ita ta fitar da shi daga kwalba kuma ba zai yi mata butulci ba. Sai dai ya rage tsawo, in ya yi minti goma sai ya rufe ya tambayi ko akwai wanda ake jira a wani wuri yau, in akwai ya tashi ya tafi za a ajiye mishi tuwonshi. Ya rame, gashi ya yi fari, in waya ta yi ƙara ran Juma'a har yanzu da sauri yake tashi ya duba.

Donc don Allah duk wanda wannan ya shigo wayarshi ya tura gaba, 'yan Stains, 'yan Sarcelles, 'yan Saint-Denis, group na 'yan Damagaram, na mata masu tontin, wato adashe, ko'ina, har ya kai hannun Hassia ɗiyar Saley ɗan demenajma ko mijinta. Baba Hayatu bai ce a yafe mishi ba, ya ce wannan ba shi da bakin roƙa. So yake kawai a gaya mishi ko Yaya Saley na da rai, in yana da rai kuma a hawa na nawa yake. Ku tura, kar ku karanta ku ajiye.